Yunwar Da Doka Ta Haddasa: Yukren, 1932 Zuwa 1933

Galibi idan aka ce an yi yunwa a wata ƙasa, abin da mutum yakan tuna shi ne fari, ko farin dango, ko kuwa yaƙi. Yunwar da ta auka wa Yukren a 1932 da 1933 ba ta bi wannan hanya ba. Ƙasa ce mai baƙin turɓaya mai albarka, wadda ake yi wa kirari da rumbun Tarayyar Sobiyet, ba ta kuwa cikin yaƙi. Mutanenta suna kiran wannan masifa Holodomor, watau kisa da yunwa.

Asalin al'amarin shi ne shirin raya ƙasa na shekara 5 wanda Stalin ya ƙaddamar a 1928. Yana bukatar hatsi don ciyad da ma'aikatan birane, da kuma sayarwa waje a sayo injuna. Saboda haka daga ƙarshen 1929 aka shiga tilasta wa manoma su haɗa gonakinsu da dabbobinsu cikin gandayen gama kai. Waɗanda ake ganin suna da ɗan hali aka laƙaba musu sunan kulak, aka ƙwace dukiyarsu, aka kwashe da yawansu zuwa Saberiya. Noma ya rikice, amfanin gona ya ragu a 1932, amma kason da Mosko ta yanka wa Yukren ya fi ƙarfin abin da ke ƙasa.

Har zuwa nan ana iya cewa mugun tsari ne. Abin da ya biyo baya shi ne ke da wuyar kāriya. Ran 7 ga Agusta 1932 aka kafa doka cewa wanda ya taɓa dukiyar gandu hukuncinsa kisa ne, in an sassauta ɗaurin shekara 10. Da wannan doka aka riƙa kama har masu kala, watau masu tsintar 'yan zangarniyoyin da suka zube bayan girbi, abin da tun fil azal ake bar wa matalauta. A watan Nuwamba ƙauyen da ya kasa cika kasonsa sai a sa shi cikin baƙin jeri, a hana kai masa kowace irin haja. Aka kuma sa tara ta nama da dankali, 'yan bincike suna bi gida gida da sandunan ƙarfe suna tsokacin ƙasa da bango. Ran 22 ga Janairu 1933 Stalin da Molotov suka sa hannu a kan umurnin da ya hana manoma fita daga Yukren da yankin Kuban. Manomi kuwa in abinci ya ƙare, dabararsa ta ƙarshe ita ce tafiya. Ita aka toshe. Duk da haka ba a daina loda hatsi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen waje ba.

Mace-mace suka kai ƙololuwa a watan Yuni 1933. Masana ƙidaya na Yukren sun ƙiyasta waɗanda suka halaka wajen miliyan 3.9. Kazakistan ma ta yi hasarar wajen mutum miliyan 1.5 a waɗannan shekaru.

A yunwar 1921 gwamnatin Sobiyet ta karɓi agajin Amurka. A 1933 cewa ta yi babu yunwa sam. Wani ɗan jarida daga Wales, Gareth Jones, ya taka ƙauyukan da ƙafarsa a watan Maris, ya ba da labarin abin da ya gani, sai wakilin New York Times a Mosko, Walter Duranty, ya ƙaryata shi. Da ƙidayar 1937 ta nuna giɓin jama'a, aka ɓoye sakamakon, aka harbe shugabannin aikin. Fiye da shekara 50 ba mai ikon ambaton maganar a fili cikin ƙasar. 'Yan Yukren mazauna waje su ne suka riƙe ta, har suka kafa mata abin tunawa a Edmonton ta Kanada a 1983. Sai a watan Disamba 1987 shugaban Jam'iyyar Kwaminis ta Yukren ya amsa cewa lalle an yi yunwa.

A 2006 majalisar Yukren ta zartar da cewa kisan ƙare dangi ne, majalisar Jamus da ta Tarayyar Turai suka bi sahu a 2022. Rasha ta ƙi, hujjarta ita ce yunwar ta ci Rashawa da wasu al'ummomi ma. Masana tarihi irin su Davies da Wheatcroft suna ganin Stalin ya jawo ta ne da manufofinsa, ba da niyyar kashe al'umma ba. Waɗanda suka saɓa musu suna nuni da cewa an rufe iyakar Yukren a daidai lokacin da ake kama malamanta da marubutanta. Gardamar dai a kan niyya take, ba a kan gawawwaki ba.

Ranar Asabar ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar tunawa. Da la'asar akan yi shiru na minti ɗaya, sa'an nan a kunna kyandir a ajiye a taga. A wurin tunawa da aka buɗe a Kiyef a 2008 akwai mutum-mutumin wata ramammiyar yarinya, ta rungume 'yan zangarniyoyin alkama a ƙirjinta.