Huɗuba ɗaya da ta hana Maraɗi barci

Ranar Juma'a 14 ga Yuni 2019, Shehu Rayadoune, limamin wani masallaci a unguwar Zariya ta Maraɗi, ya hau mumbari ya soki daftarin dokar da gwamnati ta shirya kan tsara harkokin ibada, ya ce ta saɓa wa Musulunci. Washegari aka kama shi. Kafin asubar Lahadi matasa sun ƙone tayoyi a kan tituna, sun cinna wa cocin Assemblées de Dieu da ke unguwar wuta. Jim kaɗan kafin a sako malamin ranar Lahadin, ya roƙi mabiyansa su daina tarzoma, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar ne suka ɓatar da shi. Ranar Litinin majalisar dokoki a Yamai ta amince da dokar.

Duk mai cewa zamanin da bakin mutum ɗaya ke juya gari ya wuce, to ya tambayi waɗanda suka kwana a Maraɗi a wancan dare.

Garin ya daɗe da sanin ƙarfin murya ɗaya. Tun ƙarshen shekarun 1960 tafsirin Shehu Abubakar Gumi ke tsallako iyaka ta Rediyon Kaduna. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, kaset-kaset na wa'azi suka biyo hanyar Katsina da Jibiya cikin kayan 'yan kasuwa, har matasa suka fara musu da iyayensu kan kashe dukiya wajen biki da suna. Amma wannan sauyi shekaru ya ɗauka. Mai saurare ya san muryar wa yake ji, ya ji karatun daga bisimilla har addu'ar rufewa, in bai gamsu ba ya je zauren wani malami ya tambaya.

Yanzu a zauna a kowace fada ta samari a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi bayan isha'i. Butar shayi na kan gawayi, 'yan kabu-kabu sun jingine babura, sai wani ya ce, "Ku saurara, yanzu aka turo mini." Ya ƙure muryar waya, a ji minti biyu da aka yanko daga wa'azin awa guda. Wa ya yanka? A wane gari aka yi maganar, kuma a wace shekara? Ba kasafai ake tambaya ba. Kafin a sha zagaye na uku, saƙon ya isa Tibiri ta WhatsApp, ya tarar da mai noman zogale a Jiratawa, wanda ba ya buƙatar iya karatu don ya danna ya ji.

Nan ne abin ya fi ban tsoro. Mai magana yana nan da tasirinsa, sai dai ragamar maganar ta koma hannun 'yan tsakiya, wato mai fassara da mai yankewa da mai turawa, kuma babu ɗayansu da ake kira ya amsa laifi. A rikicin 2019, takarda ce da aka rubuta da Faransanci ta bi ta bakin wasu kafin ta kai kunnen liman, daga nan ta kai ga mutanen da ba su taɓa ganin ko shafi ɗaya nata ba. Masu ibada a wancan coci, maƙwabtan waɗanda suka ƙone shi, ba su da hannu a rubuta dokar ko fassara ta.

A Maris 2025 sabon kundin tafiyar da mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki zai yi amfani a Maraɗi ne ranar da aka fara karanta daftarin kowace doka da Hausa, aya bayan aya, a Rediyo Anfani da Muryar Sahel, a kuma raba wa limamai kwafinsa tun kafin ranar Juma'a.