Injin da Ke Gina Kayan Gyara

'Yan'uwa manoma, mun zaga ƙungiyoyin gama kai da dama, kuma kusan kowace tana da injin da ke kwance a zaure. Injin ban ruwa ne, ko na niƙa, ko famfon feshi. Sau da yawa abin da ya kwantar da shi bai kai girman yatsa ba. A tara kuɗin mota a aika mutum birni, ya dawo ya ce an daina kawo irinsa. Kafin nan tumatir ya bushe a fadama.

Akwai wani inji da ake kira 3D. Aikinsa kamar na mai ginin tukunya ne. Ana auna abin da ya karye, a zana shi a kwamfuta, sai injin ya narka zaren roba ya riƙa ɗora shi hawa-hawa har abin ya tashi.

Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya fara wannan aiki a 2015 da ɗan maratayin riga. A 2023 ya kai kaya 100,000. Na cikon shi ne akwatin giya na kan jirgi, kuma a nan muke so ku lura. Injin bai gina ƙarfen ba. Mazubi na yashi ya gina, aka narka ƙarfe aka zuba, aikin da kan ɗauki wata 10 ya koma wata 2. To, ai maƙeranmu masu zubin tukwanen dalma da yashi suke aiki tun tuni. Abin da ke ba su wuya shi ne samun samfuri mai daidai awo. Ƙaramin inji na iya gina musu samfurin da roba, su danna a yashi su zuba.

Ba sai Turai ba. A Lome ta ƙasar Togo, Afate Gnikou ya harhaɗa irin wannan inji a 2013 da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Amma kada a ruɗe mu. Roba ba ta jure zafin inji, ba za ta maye fistan ba. Murfi, bakin feshi da mahaɗin bututu su ne nata. Injin kuma yana son lantarki mara yankewa na awoyi.

Ba mu ba kowace ƙungiya shawarar sayensa ba. Guda ɗaya a makarantar koyon sana'a ta gunduma ya isa. Kafin nan, kada ku yar da abin da ya karye. Magatakarda ya rubuta sunan injin da lambarsa, ya ajiye guntayen a gwangwani, domin da su za a yi awo.