Cinikin 'Yan Ƙwallo a Ingila: Me A Ke Saya, Me A Ke Sayarwa?

Duk wanda ya ke sauraron labarin wasanni da Hausa a rediyo ya saba jin an ce kulob kaza ya sayar da ɗan wasansa, ko kuwa kulob kaza ya sayi wane a kan fam miliyan kaza. Kunne ya saba da maganar har ba ya jin nauyinta. Amma ga mai nazarin harshe akwai abin tsayawa a nan, domin a Hausar zamaninmu akan sayi doki, akan sayi gona, mutum kuwa ɗaukarsa aiki a ke yi. Ba laifin masu fassara ba ne, Turawan Ingila su ma haka su ke faɗa da bakinsu. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana abin da a ke saye ɗin a haƙiƙa, gama a kansa ne 'yan wasa da masu kulob na Ingila suka yi shekara saba'in suna jayayya kafin wani alƙali ya shiga tsakaninsu.

A shekarar 1885 ne Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila ta yarda a riƙa biyan mutum kuɗi don ya buga ƙwallo. Bayan shekara uku, watau 1888, kulob goma sha biyu suka haɗa kai suka kafa gasar da a ke kira Lig. Tun ba a je ko'ina ba suka ga wata matsala: in kaka ta ƙare, kulob mai kuɗi sai ya zo ya kwashe gwanayen maƙwabcinsa. Saboda haka a 1893 suka yi doka. Kowane ɗan wasa sai an yi masa rajista da sunan kulob guda, kuma rajistar nan tana nan a hannun kulob ɗin ko da yarjejeniyar aikinsa ta ƙare. Ba zai buga wa wani kulob na Lig wasa ba sai kulob na fari ya saki rajistar, shi kuwa ba ya sakinta sai an biya shi. To, wannan takardar rajista ita ce abin da a ke saye da sayarwa. A 1905 kuɗinta ya fara kai fam 1,000, sa'ad da Alf Common ya bar Sunderland ya koma Middlesbrough.

Ya kamata mai karatu ya lura da yadda dokar ta ke aiki, don a nan ne ɗacin ya ke. In kaka ta ƙare, kulob yakan fitar da sunayen waɗanda ya ke so ya riƙe, da na waɗanda ya ke so ya sayar. Wanda aka riƙe, in ya ƙi albashin da aka yi masa tayi, ba za a biya shi ko kwabo ba, kuma ba shi da ikon zuwa wani wuri. Wanda aka sa a kasuwa shi ma albashinsa yana iya tsayawa har ranar da mai saye ya zo, in kuwa an tsauwala kuɗinsa mai sayen ba zai zo ba. Ta haka mutum yakan zauna ba aiki ba biya, ga shi kuma ba a sallame shi ba. 'Yan wasa da kansu suka riƙa kiran wannan yarjejeniya da sunan bauta. A ganina kalmar ta yi nauyi, domin ɗan wasa yana da ikon ya bar ƙwallo ɗungum ya kama wata sana'a, bawa kuwa ba shi da wannan. Duk da haka, in za a nemi kalmar Hausa da ta fi dacewa da kuɗin nan da a ke biya, "fansa" ta fi "ciniki" kusa. Barantaka ma ba ta kai haka ba, gama bara in ya ga zaman bai yi masa ba yana iya yi wa ubangidansa sallama ya nemi wani.

A 1901 aka ƙara doka ta biyu, aka ce kada a biya kowane ɗan wasa fiye da fam 4 a mako, komai gwanintarsa. Dokokin nan biyu suna tallafar juna. Ta farko ta hana mutum tafiya, ta biyu ta kawar da abin da zai sa ya so tafiyar.

Kada a ɗauka masu kulob ɗin nan duka azzalumai ne masu neman cika aljihu. Yawancinsu attajiran gari ne, masu masaƙu da masu shaguna da mahauta, abin da su ke nema shi ne suna da girma a garinsu. Hukumar ma ta ƙayyade ribar da masu hannun jari za su raba, ta kuma hana a biya shugabannin kulob albashi. Hujjarsu ita ce, in aka saki linzami, kulob biyar ko shida na manyan birane za su tattara gwanaye duka, na ƙananan garuruwa su mutu. Wanda ya dubi ƙwallon Ingila na yau ba zai ce tsoron nasu banza ne ba. Abin da ba su taɓa amsawa ba shi ne dalilin da ya sa ɗan wasa shi kaɗai zai ɗauki nauyin raya ƙananan kulob daga cikin albashinsa.

'Yan wasa sun kafa ƙungiya a 1898, ta ruguje cikin 'yan shekaru. A watan Disamba na 1907 Billy Meredith da Charlie Roberts, dukansu na Manchester United, suka sake kafa wata a birnin Manchester. A 1909 ƙungiyar ta nemi ta haɗu da tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar, sai Hukuma ta ce ba ta san da ita ba, ta umarci kowa ya fita ko a dakatar da shi. Da yawa suka fita. 'Yan Manchester United suka ƙi, aka hana su albashi, suka ci gaba da motsa jiki su kaɗai suna kiran kansu korarru. Ana gab da buɗe kaka aka sulhunta, ƙungiya ta tsira da ranta, amma dokokin nan biyu ko gezau. A 1912 kuma ta kai ƙarar Aston Villa a madadin wani ɗan wasa, Herbert Kingaby. Lauyanta ya ɓata ƙarfinsa wajen nuna cewa kulob ɗin ya yi mugun nufi, bai taɓa ita dokar kanta ba, aka kayar da su, kuɗin shari'a ya kusa cinye ƙungiyar. 

Iyakar albashi ta riƙa hawa da kaɗan kaɗan. Ta kai fam 9 a 1920, aka mayar da ita fam 8 a 1922, ta zama fam 12 a 1947, fam 20 a 1958. A kakar 1948 zuwa 1949 'yan kallo fiye da miliyan 41 ne suka biya kuɗin shiga wasannin Lig, amma mutanen da aka zo kallo ba su fi ma'aikacin masana'anta da wani abin kirki ba. Tom Finney na Preston, wanda a ke lissafa shi cikin gwanayen duniya a zamaninsa, bai bar sana'arsa ta gyaran famfo ba. A 1952 kulob ɗin Palermo na Italiya ya yi masa tayin fam 10,000 na sa hannu kawai, shugabannin Preston suka ce ba inda za shi, haka ya haƙura. Kafin wannan, a 1950, Neil Franklin na Stoke City da Charlie Mitten na Manchester United sun tsallaka zuwa Kolombiya, inda gasar ƙasar ba ta ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta duniya a lokacin, saboda haka dokar rajista ba ta isa can ba. Da suka komo aka dakatar da su, Franklin kuwa bai sake buga wa Ingila wasa ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Jimmy Hill, ɗan wasan Fulham, ya zama shugaban ƙungiyar 'yan wasa a 1957. Mutum ne mai baki, ya kuma gane amfanin jarida da talabijin tun masu kulob ba su farga ba. A ƙarshen 1960 ya yi ta kiran taron 'yan wasa yanki yanki, suka amince da yajin aiki, aka sa ranar 21 ga Janairu 1961. Sauran kwana uku aka daidaita a Ma'aikatar Ƙwadago, aka soke iyakar albashi. Ba da jimawa ba Fulham ta fara biyan Johnny Haynes, kyaftin ɗin Ingila, fam 100 a mako, watau ninki biyar na abin da ya ke karɓa a da. Wannan kaɗai ya nuna yawan abin da dokar ta ke tauye wa mutum irinsa. Amma game da rajista, alkawarin sassauci da wakilan Lig suka yi, da aka koma taron masu kulob sai suka warware shi.

A nan ne George Eastham ya shigo. Ɗan wasan Newcastle United ne, ya nemi a sake shi, aka ƙi. Da yarjejeniyarsa ta ƙare a tsakiyar 1960 ya ƙi sa hannu a sabuwa, ya tafi kudancin Ingila ya kama aikin dillanci wajen wani abokin gidansu. Bayan 'yan watanni Newcastle ta gaji, ta sayar da rajistarsa ga Arsenal a kan fam 47,500. Bukatarsa ta biya ke nan, da ya so sai ya yi shiru. Amma ƙungiya ta roƙe shi ya bar ƙararsa ta ci gaba, ita za ta biya lauyoyi, ya yarda. Wannan karon ba a maimaita kuskuren 1912 ba. Ba a ce shugabannin Newcastle mugaye ne ba, cewa aka yi dokar kanta ta saɓa wa wata tsohuwar ƙa'ida ta shari'ar Ingila, wadda ta hana a toshe wa mutum hanyar sana'arsa fiye da abin da hankali zai ɗauka. A watan Yuli na 1963 Mai Shari'a Wilberforce ya yanke hukunci cewa riƙe mutum bayan yarjejeniyarsa ta ƙare, ba tare da biyansa ba, ya wuce iyaka. Eastham bai sami diyya ba.

Sau da yawa akan ba da labarin nan kamar a ranar ce 'yan wasa suka sami 'yanci, amma ba haka ba ne. Alƙali ya rushe riƙewa, bai rushe sayarwa ba. Abin da ya canja shi ne, kulob in yana son ya ci gaba da riƙe mutum, tilas ya yi masa tayin da bai gaza na da ba, ya kuma ci gaba da biyansa, in ba haka ba ya sake shi. A 1978 aka ƙara sassauci: ɗan wasa yana iya tafiya in wa'adinsa ya cika, amma sabon kulob zai biya tsohon, in sun kasa shiryawa wani kwamiti ya yanke kuɗin. Ashe fansa tana nan, sai dai an sa mata mai ƙiyasi.

Abin da ya rage ba a Ingila aka ƙarasa shi ba. Jean-Marc Bosman ɗan Beljiyam ne, ba sananne ba, yana wasa a wani kulob na birnin Liège. Yarjejeniyarsa ta ƙare a 1990, ya sami wuri a Dunkerque ta Faransa, cinikin bai faɗa ba, kulob ɗinsa kuwa ya zabtare masa albashi ƙwarai. Ya kai ƙara, aka yi shekara biyar ana yi. Ranar 15 ga Disamba 1995 Kotun Tarayyar Turai ta ce ɗan ƙwallo ma'aikaci ne kamar kowane ma'aikaci, yana da ikon ya ƙetara daga wata ƙasa ta Tarayyar zuwa wata in wa'adinsa ya cika, ba tare da an biya kowa komai ba. Ingila tana cikin Tarayyar a lokacin, hukuncin ya hau kanta, daga baya kuma ta daidaita dokokinta na cikin gida da shi, sai dai an bar wa kulob haƙƙin neman ladan reno a kan matasan da ya horar.

Saboda haka in mai karanta labarai ya ce yau an sayi wane a kan fam miliyan 80, ma'anar ba ita ce ta 1905 ba, ko da ya ke kalmar ba ta sake ba. A da rajistar da ba ta da ranar ƙarewa a ke saye. Yanzu kuwa sauran shekarun da suka rage a yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu da kansa a ke biya, kuma ba a iya kai shi ko'ina sai ya yarda. Shi ya sa kuɗin ɗan wasa ya ke faɗuwa in ya rage masa shekara guda, shi ya sa kuma masu kulob su ke gaggawar sabunta yarjejeniya tun da sauran lokaci. Ɗalibin da ya ke fassara labarin wasanni zai fi kusa da gaskiya in ya ce kulob kaza ya fanshi yarjejeniyar wane, ko da ya ke na sani ba a raba bakin jama'a da "saya" da "sayarwa" a yanzu. Ita ma jayayyar ba ta mutu ba: a watan Oktoba na 2024 kotun nan ta Turai ta sake duba ƙarar Lassana Diarra, ɗan Faransa, ta ce waɗansu dokokin hukumar ƙwallo ta duniya game da ɗan wasan da ya bar kulob kafin wa'adinsa ya cika sun saɓa wa dokar Tarayyar.