Gadon Ƙasar Gobir a Cikin Rubutattun Waƙoƙin Hausa

Duk wanda ya daɗe yana karantar da waƙa a kwalejin horon malamai ya san wata tambaya da ɗalibai ba su gajiya da yi. Su kan ce, me ya sa mawaƙi mutumin Kano ko Zariya, wanda ba ya cewa “sunka” ko “anka” a gidansa, da ya ɗauki alƙalami zai tsara baiti sai ga waɗannan kalmomi sun cika masa takarda? Galibi amsar da a ke ba su ita ce wai haka harshen waƙa ya ke. Wannan amsa ba ƙarya ba ce, amma ba ta ƙosar ba, don ba ta faɗi inda harshen waƙar ya samo asali ba. Asalinsa kuwa yana yamma, a ƙasar Gobir da Zamfara da Sakkwato. Abin da ɗalibin Kano ke ji kamar adon waƙa, shi ne maganar yau da kullum a bakin tsoho a kasuwar Isa, ko Bafarawa, ko Sabon Birni.

Dalilin wannan yana cikin tarihi. A ƙasar Gobir aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, a nan ya yi karatu, ya yi wa'azi, ya zauna Ɗagel har zuwa hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir tun zamanin Babari, wanda kufansa ba shi da nisa da Sabon Birni, ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836 Gobirawa suka sake kafa sarauta a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Watau mutanen da suka yi jihadi, da waɗanda aka yi jihadin da su, duk a kan ƙasa ɗaya su ke, kuma Hausar da a ke yi a wannan ƙasa ita ce malaman jihadi suka ji, ita suka rubuta sa'ad da suka so talakawa su fahimce su.

Su waɗannan malamai ba daga sama suka tsinci fasahar waƙa ba. Sun tashi da littattafan Larabci waɗanda har yanzu a ke karantawa a zaure: waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya, da Burda ta Busiri, da Ishiriniya ta Alfazazi, da Muƙamu na Hariri. Wanda ya duba Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo zai ga yadda ya ɗauki tsarin tsohuwar ƙasida ta Larabawa ya zuba labarin Tabkin Kwatto da sauran yaƙoƙi a ciki. Daga Larabci tsarin ya shiga Fulatanci, ya shiga Hausa. A nan aikin 'ya'yan Shehu biyu ya fi na kowa, watau Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ƙanenta Isa. Waƙar Tabban Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki a kan zalunci, Shehu ne ya tsara ta da Fulatanci, Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ya yi mata tahamisi. Ta haka waƙa ɗaya ta bi ta hannun mutum uku na gida ɗaya kafin ta kai ga jama'a.

Abubuwan da marubuta na baya suka gada daga wannan gida sanannu ne, ba su bukatar dogon bayani: buɗe waƙa da sunan Allah da salati ga Annabi, rufe ta da addu'a da sunan mai waƙa, amsa-amo guda daga farko har ƙarshe, ƙwar biyu da ƙwar biyar, da ramzi, watau ɓoye shekarar da aka yi waƙa cikin haruffa. Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, da ya tashi yin magana a kan makomar Arewa wajen 1950, wannan riga ya sa wa maganarsa ta siyasa, ya kuma kafa hujja da Shehu da abin da ya bari. Mu'azu Haɗeja ma haka ya yi da waƙoƙinsa na gargaɗi. Jigo ya sake, an koma maganar ilmin zamani da jam'iyyu da 'yancin kai, amma muryar mai wa'azi ba ta sake ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne nahawu, kuma a nan ne maganar ta fi daɗin bincike. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar yadda Greenberg ya nuna tun 1949, M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa a 1975, yana tafiya ne bisa nauyin gaɓa, kamar arulin Larabci. Gaɓa iri biyu ce: sassauƙa, watau baƙi da gajeren wasali, da mai nauyi, watau mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi. To, a dubi kalmar “suka”. Gaɓoɓinta biyu duk sassauƙa ne. Takwararta ta yamma, “sunka”, ta fara da mai nauyi. Haka “muka” da “munka”, “aka” da “anka”. Haka kuma in Bakano ya ce “da ya zo”, “ya” ɗin nan gajere ne, amma Bagobiri zai ce “da yaz zo”, ya ninka baƙin, gaɓar ta yi nauyi. Ashe mawaƙin da ya san karin harshe biyu yana da kalma biyu ga ma'ana ɗaya, in ƙafar baitinsa na neman nauyi ya ɗauki ta yamma, in tana neman sauƙi ya ɗauki ta gabas. Ba wanda zai yi masa gori, domin kunnen masu sauraro ya riga ya saba da waɗannan siffofi daga waƙoƙin wa'azi da makafi da almajirai ke rerawa tun ƙarni na 19.

Amsa-amo ma ya ci moriyar wannan. Inda Kano ke cewa “ne” da “ce”, yamma na cewa “na” da “ta”. Waƙar da aka gina amsa-amonta a kan wasalin “a”, wanda shi ne mafi yawa a waƙoƙin Hausa, ta sami ƙofa ke nan.

Sai dai ba gidan malamai kaɗai ya ba da gado ba. Akwai gadon fada, wanda ba a rubuta ba. Kirarin Bawa Jan Gwarzo bai mutu da faɗuwar Alƙalawa ba, kuma kiɗan sarauta, wanda Shehu ya lissafa cikin al'adun sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, bai daɗe ba ya koma ƙofar sababbin sarakuna. Babbar shaida a kan haka ita ce Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Abin lura ne cewa ubangidan nasa daga zuriyar Muhammadu Bello ya fito, watau jinin waɗanda suka ci Gobir ne ke riƙe da sunan sarautarta a Isa, makaɗi kuma na yabonsa da irin kiɗan da kakanninsa suka tarar. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, amma rediyo da faifai sun kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Sunan waƙarsa Bakandamiya har ya zama kalma a bakin marubuta da 'yan jarida, in an ce bakandamiyar wane, ana nufin aikinsa da ya fi sauran. Kaɗan ne cikin marubutan boko suka bar wa harshe kalma irin wannan.

Hanyoyin nan biyu, ta alƙalami da ta kiɗa, ba su zauna a rarrabe ba. Aliyu Namangi, makaho mutumin Zariya, ya ɗora Imfiraji, waƙar begen Annabi da wa'azi, a kan karin caji, wanda kiɗan nishaɗi ne. Aƙilu Aliyu kuwa, mai Fasaha Aƙiliya, haifaffen Jega ne da ya yi rayuwarsa a gabas, don haka karin harshen biyu duk nasa ne.

Zube bai bi wannan hanya ba. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 sun sha daga tsofaffin rijiyoyi su ma: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da dangantaka da Muƙamu na Hariri, Ganɗoki na Bello Kagara kuwa cike ya ke da kirarin yaƙi. Amma harshensu na gabas ne, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga 1939, ta ƙara kafa shi, har ya zama daidaitacciyar Hausa wadda Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 suka tsaya a kanta. Littattafan hikaya na Kano da suka yawaita daga shekarun 1980 a kan wannan turba su ke. Saboda haka yaro ɗan Sabon Birni ya kan sami kansa cikin wani hali mai ban mamaki a aji: a darasin insha'i a ja masa jan biro in ya rubuta “munka”, a darasin waƙa kuma a nuna masa kalmar nan a ce gwaninta ce.

Wannan ya kai ga wata matsala da ta shafi masu buga littattafai da masu karantarwa. Ajami yana nuna tsawon wasali da alifi da wawu da ya, don haka mai karanta waƙar Asma'u a rubutunta na asali yana ganin nauyin kowace gaɓa da idonsa. Boko kuwa, tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, ba ya nuna tsawon wasali. In aka juya waƙa daga ajami zuwa boko an riga an ɓoye rabin karinta. In mai gyara ya ƙara da mai da “sunka” ta zama “suka”, da “yat tahi” ta zama “ya tafi”, da nufin daidaitawa, to, ya karya ƙafar baitin, ɗalibi kuma zai zo ya auna ya ce mawaƙin ne bai iya ba. Haka abin ya ke ga waƙoƙin baka da a ke rubutawa daga faifai, musamman na Narambaɗa, inda ninkin baƙi ke ɗauke da bugun kotso. Tarin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka buga a 1997 ya kawo hotunan rubutun ajami tare da fassara, wanda ya ba mai bincike damar komawa ga asali. Malamin kwaleji da ba shi da irin wannan littafi a hannu yana da wata dabara mai sauƙi: kafin ya sa ɗalibai su yanka baiti gaɓa-gaɓa a allo, ya nemi wani ɗalibi daga yamma, in akwai shi a ajin, ya rera musu baitin da bakinsa.