Tafiya Iri-Iri Ce, Kowace da Sunanta a Turanci

A hutun da ya wuce na koma gida Taura daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, na tarar da ƙanena ɗan aji shida yana fama da tsofaffin tambayoyin WAEC. An ba shi jimlar "The old man shuffled into the room", aka ce ya kawo kalmar da za ta maye gurbin shuffled. Ya rubuta walked. Na ce masa mai duba takarda zai iya hana shi makin, domin jimlar ta bayyana irin tafiyar tsohon, shi kuwa ya share wannan bayanin.

Abin da na lura shi ne, a Hausa ba ma yin wannan kuskuren. Ba wanda zai ga mai ɗingishi ya ce tangaɗi yake yi. Idan muka koma Turanci ne komai yake zama walk. To mu shiga kasuwar Gujungu mu kalli masu wucewa.

Ga dattijo can da silifas, ba ya ɗaga ƙafa daga ƙasa, kana jin ƙarar takalminsa tun daga nesa. Wannan jan ƙafar shi ne shuffle. Ga kuma manomi ya taso daga fadama da buhun shinkafa a ka, ya gaji liƙis, yana tafe tinƙis-tinƙis cikin taɓo. Shi trudge yake yi. Yana ɗaga ƙafar, sai dai kowane taku da wahala. Plod ma kusan haka ne: tafiya mai nauyi, a hankali, ba tsayawa, irin ta jakin da aka labta wa kaya.

Masu ciwo kuma nasu daban. Yaron da ya taka ƙaya, yana ɗosana ƙafa ɗaya yana jingina nauyinsa a kan ɗayar, limp yake yi, wato ɗingishi. Idan ciwon ya tsananta har takun ya zama gajere kuma da ƙyar, kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa tana dogara sanda, sai a ce hobble. Bature yana amfani da wannan kalmar ma wajen dabaibaye dabba, kuma duk wanda ya ga yadda akuya mai dabaibayi take tafiya ya gane dalili.

Sai masu rashin daidaito. Stagger shi ne tangaɗi, mutum yana layi hagu da dama kamar zai faɗi, saboda jiri ko duka ko maye. Totter shi ne tangal-tangal na mai raunin ƙafa, kamar jaririn da ya fara tatata. Stumble kuwa tuntuɓe ne: ka ci karo da dutse, ka yi taga-taga, ka daidaita. Tuntuɓe na lokaci ɗaya ne, tangaɗi kuma yana ɗaukar lokaci.

A kula, masu shirya tambayoyi suna son ma'ana ta biyu. Idan aka ce hukuma tana "dragging its feet", ba maganar takalmi ake ba. Jan ƙafa ne kamar yadda muke faɗa a Hausa, wato jinkirta aiki da gangan. "A staggering amount" kuɗi ne masu yawan da za su ɗimauta mai ji. "Cabinet reshuffle" da kuke ji a labarai garambawul ne na ministoci ko kwamishinoni, kamar yadda ake cakuɗa karta.

Wata ƙa'ida da ke kayar da ɗalibai: kalmar da ka kawo dole ta zauna daidai a gurbin wadda ka cire. Idan an ba ka staggered, amsarka tottered ce, da -ed ɗinta. Ka rubuta totter kawai, maki ya tafi, kuma kun san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci.

Ƙanena yanzu yana da ɗan littafi. Kullum a hanyar makaranta yakan zaɓi mutum uku, ya rubuta tafiyarsu da Hausa, sannan ya nemo ta Turancin a ƙamus, ya yi jimla da ita. Ku gwada na mako guda. Ga ta farko: da wace kalma za ku siffanta tafiyar ɗan maraƙin da aka haifa yau da safe?