In Injin Ruwa Ya Ƙi

Ya kai mai gida, da kai nake magana. Ni aikina ba da magani ne a disfansare, ba gyaran inji ba. Amma na lura da wani abu. Duk ran da injin ruwan wani ƙauye ya tsaya, da wuya a yi mako guda ban ga mutanen ƙauyen a bakin ƙofata ba, wannan da gudawa, wancan da amai, yawancinsu yara. Dalili kuwa a fili yake. Da ruwan tanki ya ƙare, sai mata su ɗauki tulu da jarka su nufi kududdufi ko gulbi, inda shanu ke sha, inda ake wanki.

Manyanmu sun san kurkunu. A 1988 an ƙirga fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da ita. Ruwa mai tsabta na cikin abin da ya kore ta. Amma kwalara tana nan. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Zamfara kuwa ba ta tsira ba. Saboda haka yana da kyau ka san ciwon injin ruwa, don yawancin abin da kan tsayar da shi ba ya bukatar a je Gusau neman bakanike.

Injin da nake nufi shi ne ƙaramin nan mai shan fetur, mai tiyo inci 2 ko inci 3, wanda masu lambu ke ban ruwa da shi a bakin Gulbin Sakkwato, daga Gusau har Bunguɗu, wanda kuma ake cika tanki da shi daga rijiya. A cikin tukunyarsa akwai farfela. In ta juya da sauri sai ta watsa ruwa gefe, ya fita ta tiyon gaba, ruwan rijiya kuma ya hau ta tiyon baya ya maye gurbinsa. To, ga abin da za ka riƙe: farfelan nan ruwa take turawa, ba ta iya tura iska. Ka taɓa zuƙar ruwa da karan da ya tsage? Sai ka yi ta zuƙa, iska ke zuwa. Haka inji yake.

Don haka in inji ya tashi, yana ƙara lafiya, amma ruwa bai zo ba, kada ka bar shi yana ta gudu kana jira. Kashe shi. Buɗe murfin saman tukunya, ka ɗura ruwa har ya tumbatsa, ka rufe tam. In har yanzu ya ƙi, to iska na shiga ta wani wuri. Bi tiyon baya da hannu daga bakin inji har ƙarshe. Duba ko ya tsage, ko maɗaurin ya yi sako-sako, ko robar da ke bakin haɗin ta faɗi. Wannan 'yar roba ba ta kai kuɗin goro ba, amma ta sha hana gari shan ruwa. Huda kamar ta allura ta isa. Ka duba kuma ko bakin tiyo ya nutse sosai, don in yana kusa da saman ruwa sai ya riƙa haɗiyar iska.

Akwai kuma iyakar da Allah ya yi wa irin wannan inji. Ba ya jawo ruwan da zurfinsa daga inda aka ajiye shi ya wuce kamar mita 7 zuwa 8, kome sabuntarsa, kome tsadarsa. Shi ya sa injin da ya yi aiki da kaka sai ya gaza a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan rijiya ya yi ƙasa. Mutanen Tsafe, ƙasar duwatsu, sun san wannan sarai. Inji bai lalace ba, ruwa ne ya yi masa nisa.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, don a nan ake rasa rai. In ruwa ya yi nisa, wasu sukan ɗaura wa inji igiya su zura shi cikin rijiya, wani ya sauka ya tayar da shi. Masu yasar rijiya ma sukan yi haka don su kwashe ruwa. Hayaƙin fetur yana da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. A fili iska kan kwashe ta, amma cikin rami sai ta taru. Mutum ya fara jin ciwon kai da jiri, gwiwarsa ta mutu, ya faɗi bai iya ko kira ba. An taɓa kawo mini samari biyu a kan amalanke, wa da ƙane. Ƙanen ne ya sauka da inji, wan ya bi shi don ya ceto shi. Wan ya farfaɗo, ƙanen bai tashi ba. Kada ka dogara da zura fitila, don fitila na iya ci alhali gubar na nan. Kada a tayar da injin fetur cikin rijiya, ko cikin ɗaki rufe. In wani ya faɗi a ciki, kada kowa ya yi tsalle ya bi shi. A fid da injin da igiya daga sama, a nemi taimako, wanda aka fitar kuma a sa shi inda iska take, a yi maza da shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.

In ruwa na zuwa amma ba ƙarfi, fara da rariyar da ke bakin tiyo. Laka da ganye da leda sukan toshe ta. Wasu sukan cire ta su yar, wai tana rage ruwa. Kuskure ne babba. Ba rariya, tsakuwa za ta shiga ta karya farfela. Yashin gulbi ma yana cin farfela a hankali kamar yadda dutse ke cin wuƙa, shi ya sa ya fi kyau ka sa bakin tiyo cikin kwando ko tsohon bokiti, kada ya kwanta a kan yashi. In ka ji tukunya na ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, alhali ba tsakuwa a ciki, ruwa ne ba ya isarta. Share rariya, miƙe tiyo in ya lanƙwashe, matso da inji kusa da ruwa, ka rage masa wuta.

In ka ga ruwa na ɗiga tsakanin tukunya da inji, sil ne ya mutu. Abin da ya fi kashe shi kuwa shi ne barin inji ya yi gudu ba ruwa, ko na 'yan mintoci ne, don ruwan ne ke sanyaya shi. Wannan aikin bakanike ne, amma ku sayi sil ɗaya ku ajiye tun kafin ranar.

In kuwa injin ne ya ƙi tashi sam, duba fetur, duba baƙin mai, goge fulogi, ka kakkaɓe matatar iska, musamman da hunturu lokacin ƙura.

Famfon burtsatse mai lantarki, wanda ake kira sumo, shi ma farfela ke cikinsa, sai dai yana can ƙasa cikin ruwa. Kada ka sa masa hannu, kada ka taɓa wayarsa. Naka biyu ne kawai. In ruwa ya fara fitowa da tari, yana zuwa yana yankewa, a kashe shi a bar rijiya ta tara, in ba haka ba ya ƙone. In mai sola ne, a riƙa goge gilasan da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, don ƙura na rage musu ƙarfi.

Tiyon da ya sha ruwan kududdufi ko na lambun da aka yi wa feshi, kada a zura shi cikin rijiyar sha. Kada a zuba fetur ko baƙin mai a bakin rijiya. Bayan gyara, a bar ruwan farko ya zube har ya yi garau kafin a tara. Kwanakin da inji ke kwance kuwa, duk ruwan da aka ɗebo a waje a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba. In yaro ya fara gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a kawo shi disfansare ran nan, kada a bari ya kwana.