Diyyar Ma'aikaci: Yaushe Ake Neman Likita Na Biyu?

Bisa ga dokar diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ce ke biyan wanda ya naƙasa a bakin aiki, yawan abin da zai samu kuwa ya rataya ne a kan takardar likita. Saboda haka akan zo wurin Hakimi ko magatakardansa a tambaya ko ya kamata a tafi ga wani likita wanda ba ruwansa da kowane gefe.

In naƙasa a fili take, kamar wanda inji ya guntule wa hannu, tafiyar ɓarnar kuɗin mota ce kawai. Haka kuma ba a gaggawa tun karaya ba ta haɗe ba, gama ba a iya auna naƙasa sai ciwo ya tsaya.

Amfanin likita na biyu yana ga ciwon da ido ba ya gani, watau ciwon baya, ko kurumta saboda ƙarar inji, ko ciwon ƙirjin mai fasa dutse. Nan gardama takan tashi: ma'aikaci ya ce aiki ne ya jawo, ubangida ya ce tsufa ne. Balle ma in likitan farko na kamfani ne, ya rubuta ciwo na ɗan lokaci alhali an yi watanni ba sauƙi. Bambancin ba kaɗan ba ne, don wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana da kashi 90 cikin ɗari na albashinsa kowane wata.

Mai tafiya ya riƙe takardunsa na asibiti duka, da hoton ƙashi. Amma fa kada jiran likita ya cinye wa'adi: neman diyya cikin shekara ɗaya ne daga ranar rauni, ɗaukaka ƙara a kan hukuncin hukuma kuwa cikin kwana 180.